Yadda za ka ji daɗin waƙa tare da mutane, daga bakin mai tura waƙoƙi a Tawa

Ni dai sana'ata sharjin salula da tura waƙoƙi cikin kat memwar, ƴar rumfata na nan kusa da tasha a Tawa, kuma na daɗe ina wanga aiki, duk abin da zan faɗa a bakin teburina na gan shi. Yaro zai zo ya aje kuɗinshi ya ce a cika mashi kat, na Najeriya, na Mali, na Indiya, na Buzaye, duk a zuba, in cika mashi ya soka ekuter cikin kunne ya tahi, bayan sati biyu sai ga shi ya dawo wai duk sun gundure shi a sake mashi wasu. In ka dubi fuskarshi babu alamar wanda ya ji daɗin wani abu. Ranar wata Lahadi kuma, ranar kasuwa, wani dattijo daga ƙauye ya zo da ƴar salularshi mai maɓalli an ɗaure ta da roba, ya ce waƙa guda yake so, ta wani makaɗin noma da yake ji yana saurayi. Da ƙyar na samo ta. Da na kunna don ya tabbatar ita ce, sai ya dafa teburin ya yi shiru, can ya juya ya kira abokin tahiyarshi, ya ce kai zo ka ji, ka tuna gayyar gonar su wane? Sunka tsaya su biyu cikin rana suna amshi suna dariya, har mai goro na kusa da ni ya matso. Waƙa guda, mutum huɗu munka ji daɗi. Tun ranar nake ta tunanin abin, shi ya sa na ce bari in rubuta ma ƴan uwa yadda ni nake yi yanzu, ko wani ya amfana.

Abu na farko mai sauƙi ne, ka cire ekuter. Ba kullum ba, na san akwai lokacin da mutum ke son ya kaɗaita, ko cikin kar ɗin Yamai tahiyar kilomita sama da 500 ba ka son damun na kusa da kai. Amma ko sau guda a sati ka zaɓi waƙa guda, guda tak, ka nemi wanda za ku ji ta tare. Wurin da ya fi dacewa shi ne fada lokacin shayi, bayan isha'i, tun da dama shayi ba a yi mashi gaggawa, kafin gawayi ya kama a dafa na fari a yi ta juye shi tsakanin buta da kofi har kumfa ya tashi, an samu lokaci isasshe. In ba ku da sifika kar ka damu, ka sa salular cikin ƙwarya ko kwanon sha marar ruwa, bakin da sauti ke fita ya dubi ƙasan ƙwaryar, za ka ji muryar ta ƙaru ta yi kauri. Sai ka ce masu jama'a ga wata waƙa ina son mu ji ta har ƙarshe. Har ƙarshe ɗin nan shi ne wuyar, don hannunmu ya saba da tsallakewa, minti guda ba a yi ba wani ya ce sa wata. Ka roƙe su su yi haƙuri. Waƙoƙin manyan makaɗanmu na da suna da tsawo, kuma sau da yawa maganar da za ta taɓa ka tana can tsakiya bayan makaɗi ya gama share fage ya gaida mutanenshi.

In ta ƙare kar a yi saurin sa wata. A zuba na fari a sha, sai ka jefa tambaya, wa ya gane abin da yake nufi a wuri kaza? Wanene wanga da yake ta ambato? Wallahi za ka sha mamaki, wanda kullum yake zaune shiru a fada shi ne zai buɗe baki ya ce ai kakana ya ba ni labarin, daga nan hira ta ɓalle, har a kai na ukku ba wanda ya duba WhatsApp. Sati mai zuwa wani ne zai kawo tashi. Mu a fadarmu haka muke yi daren Juma'a, kuma ta haka na san cewa wani abokina da munka shekara biyar muna zama tare maraya ne tun yana goye, wata waƙar uwa ce ta sa ya faɗa, da ba mu sani ba.

Sannan kunne ma sai an koya mashi ji. Ka ɗauki kalangu misali. Makaɗi na saƙale shi a hammata, in ya matse igiyoyin fatar nan sai fatar bakin ta ɗaure sauti ya hau sama, in ya saki ya sauko, to da yake Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalangu na iya bin muryar magana sak, shi ya sa ake cewa yana magana. Abin da yake faɗa shi ne take, kuma kusan kowane gida mai asali da kowace sana'a na da nata, mahauta su ne masu kalangu tun asali, manoma na da gangar noma, sarakai na da tambari da kakaki da algaita. Mu yaran yanzu muna jin dum dum kawai, tsoho kuwa na jin sunan kakanshi. Don haka ranar da ka je biki ka ga makaɗi ya huta yana shan ruwa, ka matsa ka gaishe shi da ladabi, ka ce Baba sannu da aiki, ka ba shi abin da ya sawwaƙa ko dala 20 ce, ka faɗa mashi gidan da ka fito ka ce ko akwai takenmu? In ya sani zai kaɗa maka kuma ya fassara maka da baki. Na yi haka ga wani tsohon makaɗi a wani suna, ya dube ni ya ce kai jikan wane ne? Da na faɗa sai ya gyara kalangun ya kaɗa wani abu gajere sau ukku, ya ce wanga shi ne na kakanka, da shi ake tada shi in an shiga gona. Tsikar jikina ta tashi, mutumin da ban taɓa gani ba sai ga shi kamar yana tsaye gabana. Shi ma tsohon ya ji daɗi, ya ce rabon da wani ya tambaye shi haka an jima, mutane liƙi kawai suke yi su wuce.

Haka goge, in ka samu mai shi ka roƙa ya nuna maka kusa, ƙoƙo ne an rufe da fatar guza, tsirkiyar izgar doki ce, yana goga ƙaro a jikin bakan kafin ya fara don ta kama. In ka taɓa ganin haka da idonka, duk ranar da ka ji goge a radiyo ba za ka ji shi kamar da ba. Wanda ke Yamai ko ya je can, akwai cibiyar koyon kiɗi ta CFPM Taya, suna da ɗakin da anka tara kayan kiɗin gargajiya na ƙabilun ƙasar nan, ka ja ƙannenka ku je ku gani lokacin hutun lakkwal.

Yanzu bari in zo ga wanda ya fi damuna, shi ne waƙar da ke cikin gidanku wadda babu ta a kat ɗin kowa. Uwayenmu mata cike suke da waƙa, ta daka da lugude, ta niƙa a dutsi, ta daɓe, ta reno, ta gaɗa da sunka yi a dandali suna ƴan mata, ta rakiyar amarya. Injin niƙa ya zo ya kashe ta niƙa, siminti ya kashe ta daɓe, tele da salula sun watse dandali, abin da ya rage yana cikin kan tsofaffi, kuma duk tsohuwar da anka kai makwanci da nata ta tahi. Ba ni da su a kwamfutata ko guda, ko jikka goma ka ba ni ba ni iya tura maka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to mai ita na nan cikin gidanku zaune bisa tabarma.

Ga yadda za ka yi ka ɗauka. Kar ka shigo da salula a hannu ka ce Inna yi mani waƙa in ɗauka, kunya za ta kama ta, ta ce kai tahi can ni na manta, ni da na tsufa mi ya haɗa ni da waƙa. Ka bari sai tana wani aiki na zaune, tana ɓarar gujiya ko tsintar wake ko kaɗa auduga in tana yi, ka zauna ƙasa kusa da ita ka kama mata aikin. Ka fara da labari, Inna wai lokacin da anka kawo ki gidan ga da mi anka kawo ki, doki ko raƙumi ko da ƙafa? Su wa sunka rako ki? Mi suke cewa a hanya? To a nan waƙar ke fitowa da kanta, da farko za ta faɗe ta kamar magana, sai ka ce a'a Inna yadda kuke yin ta dai, sai ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane, sannan ta fara a hankali. In akwai ƙawarta ko gwaggo kusa ya fi, don waƙoƙin ga na bayarwa da amshi ne, guda ba ta jin daɗin yi ita ɗai, kuma in ɗaya ta manta ɗiyan waƙar ɗaya na tuna mata. Kai ma ka riƙa amsawa, ayye yaraye ɗin nan ba ya gagarar kowa.

Sai ta saki jiki sannan ka nemi izini, ka ce Inna ina son in aje muryarki saboda jikokinki, kin yarda? In ta ce a'a ka bari, wata rana ka sake. Kar ka ɗauka a ɓoye, kuma in ta yarda ka tambaye ta ko ta amince a tura ma dangi ko a gida kawai za ta tsaya, don wasu waƙoƙin akwai habaici ga kishiya ko dangin miji a ciki, in ta shiga gurup ɗin dangi sai ta tada tsohon faɗa. Kar ka ɗora muryar tsohuwarka a TikTok ba da saninta ba, wanga ba ladabi ba ne.

Ta wajen na'ura kuma, murya kawai ka ɗauka, bidiyo na sa tsofaffi su daskare. Ka sa salular a yanayin jirgi don kar kira ya shigo ya katse, ka aje ta bisa matashi ko zane kamar kamu guda daga bakinta, ba a hannunka ba don motsin yatsu na shiga. Ku shiga ɗaki ko zaure in ana iska, musamman lokacin hunturu da buji, iska na cinye murya gaba ɗaya, kuma ka kashe banka in tana juyawa. Kar ka katse ta ko ta yi tari ko ta tsaya tana ba da labari, labarin ma dukiya ne. In ta gama ka tambaye ta wa ya koya mata, a wane gari, lokacin mi ake yin ta, duk yana cikin ɗaukar. Daga nan ka sauya ma fayil ɗin suna nan take, ka sa irin waƙar da ranar, in ba haka ba zai ɓace cikin tarkacen vokal.

Kuma don Allah ka aje shi wuri biyu ko ukku. Wanga da ciwo nake faɗar shi. Na ɗauki kakata ta wajen uwa tana waƙar niƙa, kusan minti 20, da muryarta mai rawa da dariyarta, na bar shi cikin kat guda ina cewa gobe zan kwafe a kwamfuta, ni da aikina ke nan. Damina ta zo ruwa ya dake ni bisa moto, salula ta jiƙe, kat ɗin ya ƙi buɗewa, na kai ma wani mai gyara ya ce zai iya, sai ya goge shi gaba ɗaya. Kafin in koma ƙauye in sake ɗauka Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta da rahama. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Don haka ranar da ka ɗauka, a ranar ka tura ma ɗan uwa guda da ka yarda da shi, ka kwafa a wani kat ka sa cikin ambulan ka aje cikin akwati inda zafi da ruwa ba su kai.

Mu mutanen Adar kowa ya san mu da tahiya biɗa, babu gidan da ba shi da wani a Abija ko Libiya ko Aljeriya ko Kamaru ko Legas. Wanda ke can abin da ke cin shi ba yunwa ba ce kawai, kewa ce. Kiran da muke masu kuma kusan kullum na buƙata ne, a aiko kuɗin hatsi, a aiko na magani. Ka gwada wata rana ka tura ma naka vokal da babu roƙo ciki, ka ɗauko mashi sautin gida, lugude da safe, ko kiɗin bikin ƙanwarshi da bai samu zuwa ba da guɗar gwaggonninshi a ciki, ko muryar Inna tana waƙar da ta yi mashi yana goye. Mega kaɗan yake ci. Ba sabon abu ba ne a wurinmu waƙa ta yi tahiya daga hannu zuwa hannu, Mdou Moctar ɗan jihar ga ne ta wajen Abalak, gitarshi ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma waƙoƙinshi ta bulutut da kat memwar sunka zagaye Sahara daga salula zuwa salula kafin su kai shi Amurka da Turai. Kowace turawa sai da mutum biyu sunka zauna kusa da juna, wanga ya ce ma wancan kai ji wagga.

Sai fita. Zumunta a ƙafa take, kiɗi ma haka. In an yi kokowa ka je fili ko sau guda maimakon tele, a nan Tawa anka fara kokowar ƙasa ta takobi a 1975, kuma wanda bai taɓa zama cikin fili ba lokacin da makaɗa sunka ɗauki taken ɗan kokowa ya fito yana kirari jama'a sunka ɗauki ihu, ƴan cali-cali na ta ban dariya a gefe, bai san abin da ake nufi da kiɗi na shiga jini ba. In ba ka iya zuwa, ku taru a ji a radiyo tare, ya fi kowa da tashi. Gasar Dan Gurmu ta kiɗin zamani ma sunan wani makaɗin jihar ga ta Tawa ta ɗauka, kuma cikin shekarun 1980 anka fara ta. In ka ji ana wani wasa a gidan matasa na Albarka Cibau ka leƙa. In kana da maƙwabta Buzaye sunka gayyace ka tande kar ka ce ba ka jin harshen, turmi ne anka ɗaure ma fatar akuya ana yayyafa mata ruwa, mata sun kewaye suna taɓi, guda na bayarwa saura na amsawa, taɓi kuwa ba shi da ƙabila. Ƴan matan Illighadad, wata ƙungiyar kiɗi ta Buzaye, da wanga tanden sunka zagaya duniya.

Ko ba kiɗi ma, gaisuwarmu kanta in ka saurara bayarwa da amshi ce, ina kwana lahiya lau, ina gajiya babu gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina ƙoƙari, kowace da amsarta da muryarta. Ka daina yanke ta da ɗaga hannu kana bisa moto. Ka tsaya wurin mai kosai ko mai gadin unguwa ka yi ta cikakka, minti biyu ne. Haka wasan taubasai, Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare ko Ba'are, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, in ka gane abokin cinikinka taubashinka ne ka ja shi da wasa, amma ka san iyaka, kar ka taɓa iyaye ko addini ko wata nakasa.

Akwai ladabin da ba a wasa da shi. Da an fara kiran salla a kashe. In akwai marar lahiya ko zaman makoki a layinku, sifika ta huta. Dare ya yi nisa a rage murya, maƙwabci na da hakki. Kuma cikin ƴan uwa akwai waɗanda ba su sauraren kiɗi saboda fahimtarsu ta addini, kar ka tsangwame su kar ka kunna masu da gangan, da su ana iya zama a ji waƙar wa'azi ko ƙasida marar kiɗi ko a yi hira kawai, zaman ne ake so. Ka kuma duba abin da za ka kunna gaban manya da yara, ba kowace waƙa ke shiga tsakar gida ba.

Bayan abin da ya faru da muryar kakata, na je na zauna da tsohuwarmu na ɗauki tata yadda na faɗa maku, tana ɓarar gujiya ina taya ta, har da waƙar renon da ta yi mana dukanmu. Na tambaye ta ta yarda, na tura ma ƙanena da ke Abija shekara huɗu bai zo gida ba. Kwana biyu shiru, na ga alamar ya saurara amma bai ce komi ba. Daren na ukku sai ga vokal ɗinshi, ana jin ƙarar motoci bayanshi, bai gaishe ni ba ma, amshin waƙar kawai ya yi sau biyu muryarshi na sarƙewa, sannan ya ce Yaya ka kai ma Inna ta ji. Da safe na kai mata na sa salular cikin ƙwarya, ta aje muciya ta saurara, ta ce sake sa mani, na sake, ta ce to ɗauki in ba shi ɗiyan da ke biye, wancan bai iya su ba.